Bargon Haɗi: Auduga Zalla ko Yadi Mai Gaurayen Roba?

  Iyayena mata da ke tsakar gida, 'yan uwana masu taka keke a ɗaki, da telolinmu na bakin kasuwa waɗanda rediyo ke rataye a ƙusa kusa da kansu, ina gaishe ku baki ɗaya.

Hirarmu ta yau daga ƙarƙashin teburin tela za ta taso. Duk shagon ɗinkin da kika shiga, idan kika leƙa ƙasa za ki ga buhu ko kwali cike da ƙyallaye: guntun atamfa, gefen shadda, ragowar yadin makaranta. Wasu sukan cusa su a matashi, wasu su ba masu goge mota, da yawa kuma bola suke kaiwa a cinna musu wuta. Alhali daga cikin buhun nan ana iya fitar da abin rufa mai kyau, wanda zai yi shekara da shekaru a gida. Shi ne nake kira bargon haɗi. Hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri. Akwai ciki, wato shimfiɗar auduga ko tsofaffin zannuwa. Sai shafi daga baya. A jera su, a bi su da ɗinki layi-layi har su zama abu ɗaya.

Kada wata ta ce wannan baƙon aiki ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa a lulluɓe cikin sutura mai kauri, an yanka ƙyalle ja da fari da shuɗi an jera, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Dabarar guda ce da ta bargon da muke magana, sai dai wancan kibiya yake tarewa, wannan kuma hunturu. A Bangaladash da Bengal ta Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke, suna kiran sa kanta. A Amurka kuwa abin ya zama babbar sana'a mai shagunanta da mujallunta da gasarta. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, mazaunansa baƙar fata ne jikokin bayi. Matan garin sun yi zamani suna yanka tsofaffin wandunan gona da buhunan gari suna haɗa abin rufa don 'ya'yansu, saboda gidajen katako ne, iska na shiga. A shekarar 2002 aka rataye bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka wuce da su New York, duniya ta zo tana kallo.

To can Amurkan ne tambayar da za mu tattauna ta fi yawo a bakin masu koyo. Mace ta shiga shagon yadi, ta ga ɓangare guda an jera audugar da aka saƙa musamman don wannan aiki, da tsadarta. Ta juya ta ga wani yadi mai santsi, launi ɗaya, mai sauƙin kuɗi, an rubuta masa suna burodkulos. Sai ta tsaya tana wasiwasi: in sayi mai arahar nan mana, ai duk yadi ne? Irin wannan wasiwasin ne yake kama ki a Kantin Kwari, ko a babbar kasuwar Maraɗi, lokacin da kike neman farin yadi ko baƙi da za ki raba tsakanin ƙyallayen atamfarki, mai shago ya sauko miki da faflin da teturon ya ce ki zaɓa.

Bari mu fara da sunan, don a nan ruɗanin yake. Ma'anar burodkulos ita ce faffaɗan yadi. Asalinsa ma ba auduga ba ne. Ulu ne, gashin tumaki, da masaƙan Ingila suke saƙawa a faffaɗar masaƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, su jiƙa shi su buge har ya cure ya yi kauri. Sai a farkon shekarun 1920 'yan kasuwar Amurka suka ɗauki sunan suka laƙaba wa wani yadin auduga mai laushi, ɗan uwan faflin, wanda ake ɗinka rigunan maza da shi. Bayan nan kuma sai zaren roba ya shigo duniya. A 1941 wasu masana biyu a Manchester, John Whinfield da James Dickson, suka haɗa zaren da ake kira foliyesta. Daga sinadaran man fetur ake yin sa, kuma dangi ɗaya ne da gorar robar da kike shan ruwa a ciki. Kamfanonin Japan biyu, Teijin da Toray, suka fara yin nasu a ƙarshen shekarun 1950 da sunan Tetoron, kuma daga nan ne teturon ɗin da iyayenmu suka sani ya samo suna. Yau galibin yadin da ake sayarwa da sunan burodkulos gauraye ne, sau da yawa kashi 65 roba, kashi 35 auduga. Akwai kuma wanda yake auduga zalla, amma sai an nema.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, sunan yadi salon saƙarsa yake gaya miki, ba ya gaya miki abin da ke cikin zarensa. Faflin na iya zama auduga, yana iya zama gauraye. Atamfa ma haka: ta asali auduga ce zalla, amma kasuwa ta cika da wadda muke kira atamfar roba. Shadda ma akwai ta auduga, akwai mai gauraye. Saboda haka idan kika tambayi mai shago sunan yadi, ba ki tambayi komai ba tukuna. Tambayar ita ce, me ke cikinsa?

Ni dai ra'ayina a fili yake. Idan bargon na rufa ne, wanda zai taɓa fatar mutum, kuma za a haɗa shi da ƙananan ƙyallaye, to auduga zalla nake zaɓa. Ga dalilaina, kuma duk a kan teburin aiki na same su.

Mu fara da guga, domin rabin aikin bargon haɗi guga ne. Masu wannan sana'a rubu'in inci kawai suke bari a bakin kowane ɗinki. Duk lokacin da kika haɗa ƙyalle biyu, sai kin kwantar da wannan ɗan bakin gefe guda kafin ki ɗora na uku. Auduga tana jin magana. Ko da farce kika danne ta, za ta kwanta ta riƙe karin. Yadin roba kuwa an yi shi ne musamman don kada ya yi kari, shi ya sa ake son sa a kayan makaranta da na ma'aikata. Wannan halin da ya zama alheri a jikin riga, shi ne fitina a bargo. Ki danne, ya tashi. Ki sake dannewa, ya sake tashi. Kusurwoyin da ya kamata su haɗu baki da baki sai su dinga saɓa wa juna, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a ƙyalle ɗaya ya taru ya zama inci guda a ƙarshen layi.

Sai ki ce bari in ƙara wa dutsen guga wuta. A nan ne ta'adi yake faruwa. Auduga tana ɗaukar zafin da ya kai digiri 200, har ma tana son sa. Yadin roba kuwa da zarar an wuce wajen digiri 150 sai ya fara ƙyalli, ya ƙanƙance, wani lokaci ya manne a gindin dutse. Wadda take da dutsen lantarki mai maɓallin rage zafi tana iya lallaɓawa. Amma mu faɗi gaskiya, gidaje nawa ne a cikinmu suke dogara da dutsen gawayi? Shi ba ya da maɓalli. Idan fuskar bargonki rabi auduga ce rabi roba, babu zafin da zai yi wa duka biyun daidai: wanda zai kwantar da wannan, zai ƙone wancan.

Na biyu, allura. Zaren auduga yana da ɗan kaushi, don haka idan kika ɗora ƙyalle a kan ƙyalle sai su kama juna, su shiga ƙarƙashin keke tare. Mai gauraye santsi gare shi, na sama yana zamewa daga na ƙasa, sai kin cika shi da fil. Sannan saƙarsa a matse take, zaren tsaye ya fi na kwance yawa nesa ba kusa ba. Audugar da ake yi don bargo kuwa saƙarta daidai wa daida ce, wajen zare 60 zuwa 75 a kowane inci, tsaye da kwance, don allura ta sami hanyar wucewa. Wadda za ta bi hawa uku da ɗinkin hannu za ta ji bambancin a yatsanta tun kafin azahar. A keke ma, yadi mai matsattsiyar saƙa yakan tattare a bakin ɗinki kamar an ja zaren tsukewa. Wannan maganar ta shafi shadda mai tsada, ko da auduga ce zalla. Kyakkyawa ce, amma bugun da ta sha ya sa ta tauri, sai an wanke ta sau biyu ko uku kafin ta saki jiki.

Na uku shi ne wanki, kuma a nan zan ba ku labarin abin da ya same ni. Shekarun baya ƙanwata ta kusa haihuwa, na yi niyyar in kai mata abin da babu irinsa a kayan barka. Na tara ƙyallayen atamfa masu kyau, na je kasuwa neman farin yadin da zan raba tsakaninsu. Na ce da mai shagon, “Alhaji, wannan auduga ce zalla?” Ya ce, “Hajiya, kotin ne, ki ɗauka ba fargaba.” Na ɗauka. Ban jiƙa atamfar ba, ban gwada farin ba. Sati uku ina aiki, na kai ranar suna, mata suna ta karɓa suna dubawa. Bayan wata biyu na je gidan na tarar da shi a kan igiya. Atamfar ta sha ruwa ta tsuke, farin ya tsaya yadda yake, duk bargon ya yi tudu da kwari, ko'ina ya kumbura kamar an hura. Wani jan ƙyalle kuma ya zuba a kan farin. Ƙanwata ba ta ce komai ba, ta ci gaba da rufa wa yaron, amma ni abin ya tsaya mini a rai, don na san wahalar da na sha.

Abin da ya faru lissafi ne mai sauƙi. Auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko. Bargo mai tsawon yadi 2, wato inci 72, zai iya rasa inci 2 har zuwa sama da 3. Yadin roba kusan ba ya motsi. Idan duk bargon auduga ne, tare zai tsuke, ya yi 'yar yamutsa mai taushi wadda masu sana'ar ma suke so. Idan duk gauraye ne, tare zai tsaya. Haɗa su a fuska ɗaya shi ne matsalar, ɗaya na ja ɗaya na turjewa. Kuma abin bai tsaya a wankin farko ba. Zaren roba ya fi na auduga ƙarfi, don haka shekara da shekaru a bakin ɗinkin da suka haɗu, audugar ce take fara gajiya ta yage. Mai gaurayen kuma, wurin da yake yawan gogar jiki sai ya fito da ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje, waɗanda ba sa kakkaɓuwa.

Na huɗu, jikin mai rufa. Auduga tana shan danshin da ya kai kashi 7 ko 8 cikin ɗari na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba. Foliyesta ko kashi ɗaya ba ya sha. Sanyinmu na ƙasar Hausa na dare ne da asuba, hantsi na yi zafi ya dawo. Jaririn da aka rufa wa yadin roba zufa za ta kwanta masa a wuya da baya, ba inda za ta je, sai ƙurajen zafi su biyo baya. Kuma a busasshiyar iskar hunturu, yadin roba ne yake yin ƙarar nan ta tas-tas yana manne wa jiki, yana jan ƙura.

Akwai maganar da ba na so in wuce ta, ita ce ta wuta. Lokacin sanyi muna shigar da kaskon garwashi ɗaki, muna kunna maganin sauro a gefen katifa. Kada wata ta ji na yabi auduga ta ɗauka ba ta cin wuta. Tana ci, sosai ma, audugar rimi kuwa ta fi ta saurin kamawa. Amma auduga toka take zama. Roba narkewa take yi, ta ɗiga, ta manne a fata tana ci gaba da ƙuna. Mai gauraye ya haɗa sharrin biyu: audugar tana riƙe da harshen wutar, robar tana narkewa a kanta. Don Allah iyayena, ko wane irin bargo ne, a nisanta shi da kasko.

To shin mai gaurayen ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, kuma ba zan rage masa haƙƙinsa ba. Ya fi araha. Ba ya koɗewa da wuri, baƙinsa baƙi ne ko an shekara ana shanya shi a rana, alhali baƙar auduga takan yi fari-fari. Yana saurin bushewa da damina. Idan adon bango za ki yi, ko rigar matashin kujera, ko murfin keke, ko jakar Islamiyya, ko shimfiɗar da yara za su yi ta birgima a kai ana wanke ta kullum, ya wadatar. Mai koyo ma da ba ta son ta ɓata yadi mai tsada tana iya fara gwada hannunta da shi, da manyan yanka masu kusurwa huɗu, ba ƙananan dabbare-dabbare ba. Sharaɗin guda ne: in gauraye, to gauraye tun daga fuska har shafi. Wadda kuma za ta zuba wata guda na rayuwarta a bargon da take so jikokinta su gani, ta tuna siyen nagari mai da kuɗi gida. Kuɗin yadi shi ne ƙaramin abin da za ki kashe, lokacinki da idonki su ne masu tsada.

Saura yadda za ki gane da kanki, tunda bakin mai shago ba hujja ba ne. Sau da yawa ma ba ha'inci yake yi ba, shi ma haka aka gaya masa a inda ya saro. Tun kina tsaye a shagon, ki damƙi gefen yadin a tafin hannunki, ki matse sosai, ki ƙirga goma, ki saki. Auduga za ta fito a yamutse ta zauna haka. Mai roba zai buɗe ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Ki ɗaga shi sama ki kalli haske ta cikinsa: idan kina hango yatsunki sarai, saƙar ta yi sakwa-sakwa, cikin bargon zai dinga leƙowa. Ki murza shi tsakanin yatsu biyu, idan wani farin gari ya zubo, sitati aka cika masa don ya yi nauyi, wanki ɗaya zai tona shi.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na ashana. Ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, ko ki sayi rubu'in yadi. Idan kin koma gida, ki fita tsakar gida, ki ajiye kwanon ruwa kusa, ki kori yara, ki riƙe ƙyallen da bakin almakashi, ki kunna masa wuta. Auduga za ta ci da sauri, ta yi warin takarda ko busasshiyar ciyawa, ta bar toka mai laushi wadda in kin murza sai ta bi iska. Roba za ta nannaɗe tana gudun wutar, ta yi baƙin hayaƙi da warin leda, ta bar ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Mai gauraye zai ba ki toka, amma idan ya huce kika shafa bakin ƙunar za ki ji shi da tauri yana kartar yatsa. Haka za ki yi wa buhun ƙyallayen da kika karɓo wurin tela. Ki zauna da yamma ki ware su kashi biyu, na auduga gefe, na roba gefe, kowane da aikin da zai yi.

Bayan an ware, sai jiƙo. Kowane ƙyalle da kowane sabon yadi ya shiga ruwan ɗumi da ɗan sabulu kafin almakashi ya taɓa shi, masu duhu daban, masu haske daban. Ja da shuɗi da baƙi su ne sarakan zuba. Ki jefa ɗan farin ƙyalle a cikin bahon, idan ya fito da launi, ki canza ruwa ki sake, har sai ya fito fari. Na san ana cewa a zuba gishiri ya kama launi. Gishiri yana da aikinsa a lokacin da ake rini, amma yadin da ya riga ya fito daga kamfani ba ya hana shi zuba, don haka kada ki dogara da shi. Wanda ya ƙi daina zuba bayan ruwa uku ko huɗu, ki cire shi, komai kyansa. Ki shanya a inuwa, ki goge tun da sauran ɗan danshi, sannan ki yanka.

Cikin bargon da shafinsa su ma su bi fuskar. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi ya fi komai daɗin shafi, kuma ya gama tsukewarsa tuntuni. Biyu ko uku a jere sun isa ciki a irin sanyinmu. Zaren ɗinkin ma, in kin samu na auduga, shi ya fi dacewa.

Telolinmu maza, ina roƙonku, kada a ƙara cinna wa buhun nan wuta. Ku ajiye wa matan unguwa, ko ku sa yaran shago su koyi haɗi da shi a ranakun da aiki ya yi sauƙi. Ke kuma 'yar uwa, kafin ki koma kasuwa, ki ɗauko ƙyalle uku daga cikin waɗanda kike da su a gida yau, ki gwada su da ashana, ki ga abin da kika daɗe kina ɗinkawa. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauki almakashi mu yanka fuskar bargon jariri, saboda haka ki tanadi ƙyallayen auduga wankakku da shafi yadi ɗaya da rabi.